Ranar da Inna ta bar tarho yana kuka

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun casa'in, muna haya a Madawa a gidan wani Alhaji mai fataucin albasa. Abin da ya bambanta gidan da na maƙwabta shi ne tarho. Alhajin ya ja layi saboda kasuwancinsa, da ya tashi ya bar mana shi, wani baƙi mai nauyi, a kan ɗan tebur a kusurwar falo. Ni kam har kyalle na yi masa mai ado na rufa, kamar wani kwanon amarya.

Maigidana a lokacin yana aiki da wani furoje, wato shirin raya karkara, mai gyaran ƙasa a wajen Keita da Buza, inda ake jera duwatsu a gangaren tudu don tare ruwa, ana dasa itatuwa. Yakan yi kwanaki a daji, ya dawo da jar ƙasa har cikin kunne. Wata rana ya dawo da jaka baƙa, ya buɗe a gabana kamar mai nuna jariri. Ordinater ce, wato kwamfuta, ta biro, ofishinsu ke nan. Ya ce daga yau an daina ba direban mota disket, ɗan faifan da ake ajiye rubutu a ciki, ya kai Yamai, rahoto ya yi ta yawo a tasha. Yanzu ta wayar tarhonmu zai bi.

Na ce, “Ta wannan siririyar wayar? Har da hotunan duwatsun?”

Ya ce, “Madam, ke da kika yi kolej, kada ki ba ni kunya.”

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma har yau ina riƙe da shi. A cikin ordinater ɗin akwai wani abu da ta zo da shi tun daga inda aka ƙera ta. Sai ka sa masa lambar biron Yamai, da sunanka, da kalmar sirri, shi kuma ya buga tarho da kansa. A can akwai wani akwati mai tsaron ƙofa. In ya ji sunan da kalmar, ba ya buɗewa nan take. Sai ya katse, sannan ya kira lambar gidanmu, don ya tabbata daga gidan da ya sani ne ake sallama. To a wannan kiran na biyu, ordinater ce za ta amsa da kanta. In mutum ya ɗaga, komai ya lalace, sai a sake daga farko. Kuma ma'aikacin biron Yamai ba ya haɗa akwatin sai bayan la'asar, in an tashi daga aiki layin ya samu sarari.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. A bar tarho ya yi kuka kawai.

Na manta da Inna.

Mahaifiyata ta zo daga ƙauyenmu na wajen Bangi saboda ido. An cire mata yana a asibitin mishan, likita ya ce ta zauna kusa har ya warke, kada ta murza, kada hayaƙi ya shiga. Sai muka riƙe ta. Tun ranar da ta iso ta zaɓi wurin zamanta: tabarma a falo, jingine da bango, dab da teburin tarho. Ta ce wai nan ne iska ya fi shigowa. Tagar falon kuwa tana can ɗaya gefen.

Ni na san abin da ya zaunar da ita. Yayana, ɗanta na fari, ya tafi ci-rani Abijan kamar yadda mazan yankinmu na Adar suke yi, su dawo kafin ruwa ya sauka su kama gona. Shi damina ta zo ta wuce bai dawo ba, wata ta sake zuwa. Ba saƙo, ba labari. Sai wani ɗan garinmu da ya komo ya ce ya gan shi a kasuwa, ya rame, ya kuma ba shi lambar gidanmu, ya ce zai kira. Shi ke nan abin da muke da shi.

Amma ku sani, Inna ba za ta taɓa cewa tana jiran ɗan fari ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta matsu sai ta ce “wancan”, ko “mutumin naku”. In aka yi zancensa sai ta kau da kai ta kama gyaran zanenta. Haka aka tarbiyyantar da su, haka ta tsufa.

Ranar farko maigida ya shige ɗaki da ordinater, ya ja doguwar waya ta ƙarƙashin ƙofa. Ina madafa na ji abin yana ƙiƙi-ƙaƙa, yana fito, yana shuu kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Sai shiru. Sai tarho ya yi kuka a falo. Kafin ya rufe baki Inna ta ɗaga.

“Salamu alaikum. Wa ke magana? Salamu alaikum!”

Na taho da gudu da ludayi a hannu. Na same ta ta manna abin a kunne da hannu biyu, fuskarta ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba.

Ta ce, “Ke, zo ki ji. Daga nesa na. Iska ya hana maganar hitowa.”

Na karɓa, na ji fiton injin Yamai yana huda kunne. Na ajiye. Sai kawai na ce, “Wataƙila za a sake kira, Inna.”

Ta ce, “Awo. Wanda ya kira sau ɗaya shina sake kira.”

Na shiga ɗaki na tarar da maigida ya dafe kai. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar ɓarawo a gidansa.

“Inna ta ɗauka ko?”

“Ita ce.”

“To. Allah ya ƙara mata lahiya.”

Abin da ya iya faɗa ke nan. Mutumin da ke tsayawa gaban gari guda yana ba da umurni a kan duwatsu, amma in zai wuce ta falo sai ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa, ya gaida bango, Inna kuma ta amsa wa ƙasa. Bai taɓa ce mata ko “ga ruwa” kai tsaye ba. Sai dai ya ce mini, “A ce wa Inna ga goro,” ita kuma tana zaune nan tana ji, ta ce mini, “A ce mai an gode.” Yana zancen akwatin da ke haɗa Madawa da Yamai, ni kuwa na daɗe ina wannan aikin tsakanin falo da ɗaki, ba lantarki ba waya.

Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki. Ya kira, Yamai ta katse, tarho ya yi kuka, Inna ta ɗaga. Na gwada dabaru irin nawa na marasa wayo. Na ce ta zo tsakar gida ta taya ni tsince shinkafa, ta ce likita ya hana ta duban ƙananan abubuwa, kuma gaskiya ta faɗa. Na roƙi maƙwabciyata, wata Kirista mai kirki da mijinta ke aiki a asibitin mishan, ta zo ta janye ta da hira. Ta zo, suka zauna a ƙofar falo suna ta zancen maganin ido. Tarho na yin kuka, tsohuwar da muke riƙe wa hannu zuwa bayan gida ta tsallake ƙafafun baƙuwa kamar budurwa. Maƙwabciyata ta bi ni madafa tana dariya har da hawaye, ta ce, “Maman yara, wannan ba ciwon ido gare ta ba, a kai ta wasan tsere.”

Na ce wa maigida, “To mu cire tarhon falo mana in za ka yi aiki.”

Ya dube ni kamar na ce a cire rufin ɗaki. “In cire abin da take zaune dominsa? A gabanta? Ki bari, gobe in ba direba disket.”

Ya koma ba direba disket, ana ta yi masa tsiya daga Yamai, wai kowane biro ya haɗu sai na Madawa. Amma bai daina gwadawa ba, don an matsa masa. Kuma abin da ya fi damuna ba rahotonsa ba ne. Kullum injin nan ya yi fito a kunnen Inna, sai begenta ya ƙaru. Ta fara cin abinci da kyau. Na ji ta tana gaya wa maƙwabciyata, “Kullum bayan la'asar ana kira daga nesa. Ba a dai samu hanya ba.” Tana ta gina ɗaki a kan abin da na san ba ƙasa ba ce. Na yi ta kai kukana ga Allah a sujada, ina cewa ya Rabbi, in faɗa mata in karya mata zuciya, ko in yi shiru in bar ta da abin da ba shi ne ba?

Wata Alhamis bayan azahar ina ɗiga mata magani a ido, kanta a kan cinyata, na ga ba ta iya kallona, ni ma ba sai na kalle ta ba. Sai na samu ƙarfin hali.

“Inna, kiran nan na la'asar, ba daga Abijan yake ba.”

Na ƙara mata ɗigo ɗaya, na ci gaba.

“Injin biron su Malam surukinki ne a Yamai. Yana neman injin da ke ɗaki. In mutum ya ɗaga, ba sa samun juna.”

Maganin ya yi ta gangarowa gefen fuskarta. Can ta ce, “Wa ya ce miki ina jiran Abijan?”

“Ba kowa, Inna.”

“Ni dai an yi sallama na amsa. A gidanmu ba a barin mai sallama tsaye.” Ta tashi zaune, ta gyara kallabi. “Tun yaushe nike ɓata ma Malam aiki?”

“Ba ki ɓata komai ba.”

“Kin bar ni ina abin kunya gaban suruki, ke kuma kina kallo. Kolej ɗin ke nan?” Ta ja numfashi. “A ce mai ya yi aikinai. Yau ko gidan ga zai tsage da kuka, ba ni taɓawa.”

Na so a ce ta yi mini faɗa sosai, da ya fi mini sauƙi. Amma ta koma wurinta ta jingina, ta ɗauki carbi, na ga kamar an rage mata tsawo.

Bayan la'asar maigida ya kunna ordinater. Wannan karon ya bar ƙofar ɗaki a buɗe, ni ina tsaye a tsakani, ina ganinsu duka biyu. Injin ya buga lamba, ya yi ƙiƙi-ƙaƙarsa, Yamai ta katse. Muka jira. Inna ta naɗe carbin a hannayenta biyu, kamar mai ɗaure akuya.

Tarho ya yi kuka.

Na ga kafaɗarta ta zabura, amma ba ta miƙa hannu ba. Ta runtse ido, leɓenta na motsi. Ya sake kuka. Sai ordinater ta amsa.

Injin yana da ƴar ƙaramar lasifika da ke fitar da abin da ke kan layi kafin su haɗu. Muna jiran fiton Yamai. Sai muka ji, a ƙarƙashin fiton namu injin, wata murya siririya, ta mutum, daga nesa ƙwarai.

“Alo? Salamu alaikum. Madawa ce? Alo?”

Ni ban gane ba. Wallahi ban gane muryar ɗan'uwana ba. Amma Inna ta miƙe tsaye, carbin ya tsinke ya watse a siminti, ta buɗe baki ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Ta sake kira. Na fizgi kan tarhon na ɗaga, injin na ta ihu a ciki, Inna na ta kira a bayana, maigida ya finciko wayar daga jikin ordinater. Ihun ya tsaya. Na ce alo, alo, Yaya. Ba kowa. An ajiye.

Ƴaƴan carbi na ta gangarawa ƙarƙashin kujera. Inna ta zauna a hankali, ta kalli hannayenta. Ni na tsaya da kan tarho a hannu, ina tunanin ni na sa ta bari. Makonni tana gadin abin nan, rana ɗaya da na ɗaure mata hannu, ranar ya kira. Maigida ya fito daga ɗaki, ya karɓi kan tarhon daga hannuna ya mayar a mazauninsa, don ni na ma manta cewa in ba a ajiye ba kira ba zai shigo ba. Bai koma ɗaki ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

Tarho ya yi kuka.

Inna ba ta motsa ba. Ta riga ta yi wa suruki alkawari. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka ɗaura mana aure. Maigida ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce, “Inna, ɗauki.”

Ta ɗauka. Daga inda nake na jiyo fiton. Yamai ce, ta iso a makare. Inna ta saurara kaɗan, ta ce wa injin cikin ladabi, “Ka yi haƙuri, ba yanzu ba,” ta ajiye.

Muka ci gaba da zama. Rana ta yi sanyi, tukunyata na can tana kamawa, ina jin ƙauri ban tashi ba. Ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Har na fara cewa a raina shi ke nan, sai ya sake kuka. Inna ta ɗaga, ta yi sallama. Sai na ga ta gyara zama, ta ja kallabi ta rufe gefen fuska.

“Lahiya lau. Lahiya lau. Kana lahiya? To madalla. Gonarka na nan, ƙanen ubanka ka noma ta.” Ta yi shiru tana saurare. “To. To. Ga ƙanwarka.”

Ta miƙo mini. Abin da ta ce masa ke nan duka, bayan damina biyu. Amma hawaye na zuba daga idon da aka ce kada ta murza, ita kuma ta bar su, don likita ya hana.

Yaya ya ce mini daga wani telesantar, shagon da ake biya a buga waya, yake kira. Ya yi ciwo mai tsawo, ɗan abin da ya tara ya tafi a magani, kunya ta hana shi komowa hannu wofi, ta hana shi ko kira. Lambarmu ta daɗe a aljihunsa. Ranar ma da ƙyar ya shiga. Da ya ji fito a kunnensa sai ya ce alama ce, Allah bai nufa ba, ya ajiye ya fita.

Na ce, “To me ya dawo da kai?”

Ya ce, “Ke, kafin in aje, cikin ƙarar nan na ji kamar an kira sunana. Da muryar Inna. Na tsaya bakin titi na ce kunnena ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Na yi tahiya har na kai kwana, ƙafata ta ƙi. Gaya mini gaskiya, ita ce?”

Na waiga. Inna na durƙushe tana lalubar ƴaƴan carbinta, maigida na tsince na nesa yana tarawa a gefen tabarmarta, ba mai kallon wani.

Na ce, “Yaya, ka dai taho gida.”

Ya dawo kafin ruwan farko, da jaka ɗaya da tari. Da ya durƙusa gaishe ta, ta amsa wa ƙasa, ta ce mini, “A ba wancan ruwa.” Har ta koma ga Allah ban sake jin sunan a bakinta ba.

Ordinater kuwa washegarin ranar da Yaya ya kira ta haɗu da Yamai, karo na farko. Inna na zaune a wurinta, tarho ya yi kuka ta bar shi. Muka ji injinan biyu suna fito, wannan ya yi wancan ya amsa, suka ja abin da tsawo, sannan suka yi tsit. Maigida ya yi kabbara a ɗaki. Na ce, “Kai, wannan surutu nasu da yawa yake.” Inna ta ce, “Bar su. Sun daɗe ba su gamu ba, gaisawa sukai. Ba irin ku ba, da kuke ina kwana kuna tahiya.”

Abin da ya tuno mini da wannan duka, kwanakin baya ƴata ta zo hutu da ordinater ɗinta. Ta ce za ta shiga biro na ɗan lokaci. Na ce yanzu kika zo za ki koma Yamai? Ta yi dariya, ta nuna mini. Wai wani abu ne a cikin injin, VPN suke ce masa, ta sa adireshin akwatin bironsu da sunanta da kalmar sirri, ta danna, shi ke nan tana ciki kamar tana zaune a kujerarta. Ba kuka, ba fito, ba wanda ya hana wani layi. Na ce mata ai na san wannan tun ba a haife ta ba, ubanta ne ya koya mini. Ta dube ni irin kallon da yara ke yi wa tsofaffi. Na ƙyale ta.

Na yi murna da sauƙin da Allah ya kawo. Amma na zauna ina kallon injin nan da ya haɗu shiru, ina tunani. Na daɗe ina tambayar kaina ko na yi daidai da na gaya wa Inna gaskiya ranar nan. Da ban faɗa ba, da ta ɗaga da hannunta tun kukan farko, ba tashin hankali. Sai dai kuma da ta gaishe shi kamar baƙo, ta miƙo mini, shi kuma da ya ajiye yana zaton ba a damu ba. Ban sani ba ko da ya taho. Allah ne ya san yadda yake jera al'amuransa. Abin da na sani, mutanen gidanmu suna da ƙauna mai yawa da ƙofa ƙarama, kuma sau ɗaya tak na ga ƙofar ta buɗe gaba ɗaya.

Har yau ba na iya barin waya ta yi kuka sau biyu. Ko lambar da ban sani ba ce, ko hannuna na cikin ƙullu, sai na ɗaga na yi sallama. Yarana suna yi mini dariya, wai ƴan talla ne. Nakan ce musu a gidanmu ba a barin mai sallama tsaye. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Yaya kuma yana nan a gonarsa ya tsufa, kuma duk sallar da na je gaishe shi sai ya ja ni gefe ya ce, “Ke, ranar nan, ita ce ko?”

Ni kuma har yanzu ina riƙe mata kunyarta. Sai in ce masa, “Yaya, injin ne.”